Wai mene ne firit da masu narka gilashi ke ta ambata?

Wata ƙanwata da muke harkar jigida da sarƙar wuya tare a nan Bauchi ta turo min bidiyo jiya, wata baturiya ce riƙe da siririn ƙarfe a bakin wuta tana juya narkakken gilashi, sai ta dangwala shi cikin wani abu kamar sukari mai kala, ta mayar wuta, kafin ka ce kwabo dutsen ado ya fito da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Ta ce min Yaya wai wannan firit ɗin da suke ta faɗa mene ne?

To firit dai dakakken gilashi ne mai kala, tsakin gilashi kenan in za mu faɗa da tamu. Ana tankaɗe shi kamar yadda muke raba gari da tsaki, akwai mai laushi lilis, akwai kamar sukari, akwai manya kamar barzajjiyar masara.

Mai aikin zai narka sandar gilashi a wutar gas da oksijin, ya naɗa ta a jikin ƙarfen da aka shafa wa wani irin yumɓu don kada ta manne, nan ne ramin zare ke fitowa. Tun da zafinsa sai a birkima shi cikin firit kamar dai mai tsire na birkima nama a garin ƙuli. In ka bar shi ya narke gaba ɗaya jiki zai yi sumul, in ka cire da wuri sai ya fito da gudaji-gudaji, amma fa sai gindinsu ya kama sosai in ba haka ba su kakkaɓe a wuyan mai ɗaurawa.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne kalolin ba zaman lafiya kawai suke yi ba, wasu har faɗa suke. Ka zuba firit shuɗi mai ɗan kore a kan gilashi ruwan hauren giwa, sai ka ga baƙin layi ya zagaye kowane ɗigo alhali ba ka sa baƙi ba, jan ƙarfen da ke cikin shuɗin ne ya haɗu da farar wutar da ke cikin ɗayan. Shi ya sa masu gwaji ke rubuta me suka ɗora a kan me.

Amma ga inda nake so mu natsu, don ƙanwar tawa har ta fara zancen tara kwalaben lemo daga kasuwar Wunti. Kowane gilashi da yadda yake buɗewa in ya ji zafi ya kuma tsuke in ya huce, akwai lambar da ake auna wannan da ita wato COE. Na kamfanin Effetre na Murano ta Italiya 104 ne, irin na Pyrex mai jure zafi kuwa 33. Ka haɗa waɗannan biyun dutsen zai tsage, wani lokacin ma ba ranar ba, sai bayan kin sayar kuɗin ya shiga tukunya. Firit mai 96 ana ɗan barbaɗa shi sama-sama a kan 104 kuma yakan zauna, matuƙar ba a cika hannu ba. Kwalba kuwa babu lamba a jikinta. Sannan ko an dace sai an sa dutsen a tanda wajen digiri 500 a ma'aunin Celsius ya huce a hankali, balle da hunturun Bauchi.

Ba wai kwalba ba ta aiki ba ne. Masaga na Bida sun daɗe suna narka kwalabe suna fitar da duwatsu da awarwaro, mutanen Kurobo a Gana su kuma daka suke ya zama gari su zuba a ƙananan mazubin yumɓu, su soka karan rogo a tsakiya wuta ta cinye shi ta bar rami. Sai dai su sun gaji sanin wace kwalba ke zama da wace.

To ƙanwata, in za ki daka, ki jiƙa shi, ki sa takunkumi mai kyau da tabarau, ƙurar gilashi illa ce ga huhu. Kuma don Allah ba a turmin daka yaji ba, ba kuma inda yara ke yawo ba takalmi ba.