Naɗin ƙarfe mai murzar sanyi

Naɗin ƙarfe mai murzar sanyi dogon falle ne mara kauri, wanda aka matse a tsakanin manyan rololi ba tare da an sa shi a wuta ba, sannan aka naɗe shi dunƙule guda. Kaurinsa yakan kama daga milimita 0.3 zuwa milimita 3, faɗinsa galibi mita 1 ne, ko 1.219, ko 1.25. Ramin da ke tsakiyar naɗin milimita 508 ne ko 610, nauyinsa kuwa daga tan 5 har ya haura tan 20. Daga jikinsa ake samun kwanon rufi, gangar mai, akwatin ƙarfe, kabad ɗin ofis, jikin firji da na mota, gwangwanin tumatir da na madara, da fayif mara kauri da masu walda ke haɗa ƙofa da gado da shi. Abu biyu ake saye a jikinsa: kaurin da ba ya saɓawa, da fuska mai santsi da ke karɓar fenti. Abin da ba shi da shi kuwa shi ne kariya daga ruwa.

Ƙarfen kansa

Ƙarfen masana'antu baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da ɗan sinadarin kabon, daga kashi 0.02 zuwa kusan kashi 2.1 cikin ɗari. Wannan ɗan ƙanƙanin rabo ne ke yanke halinsa. In kabon ya yi ƙasa da kashi 0.25, ƙarfen yakan yi laushi, ya lanƙwasu, ya karɓi walda. In ya kai kashi 0.6 zuwa sama, sai ya yi tauri idan an gasa shi an tsoma a ruwa ko mai, kamar sifirin ɗin mota da maƙera ke ƙera adda da gatari da shi, amma walda takan tsaga shi. Fallen murzar sanyi na kasuwa yana can ƙasan wannan ma'auni. Saboda haka ko an gasa shi an tsoma a ruwa ba zai riƙe kaifi ba. Idan aka ƙara masa sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5, ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aji ne daban da farashi daban.

Dunƙulen ƙarfe mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi yana da nauyin kilo 7,850. Yana narkewa ne a wajen digiri 1,500 na ma'aunin Salsiyas, kuma maganaɗisu yana kama shi. Zafi yana miƙa shi: kwano mai tsawon mita 6 da zafinsa ya ƙaru da digiri 40 yakan ƙara kusan milimita 3. A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, da Njamena ta Cadi, inda zafin Maris zuwa Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan miƙewa da tsukewa ta kullum ce ke buɗa ramin ƙusa har rufi ya fara yoyo.

Yankin ba baƙo ba ne ga ƙarfe. Maƙeran Mafa na duwatsun Mandara sun daɗe suna narka baƙin yashin tama da suke tarawa a ƙoramu, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 da tsoffin ƙarafan mota suka maye gurbinsa. Ƙarfe mai araha da yawa ya faro ne da dabarar Henry Bessemer a Ingila a 1856. A 2023 duniya ta narka kusan tan biliyan 1.9, fiye da rabi daga Sin.

Daga curi zuwa naɗi

Murzar sanyi ba ita ce farko ba. Ana fara gasa curin ƙarfe zuwa wajen digiri 1,200, a murza shi da zafinsa har ya koma falle mai kaurin milimita 2 zuwa 6. Wannan shi ne baƙin falle da aka sani a shagunan ƙarfe, mai ɓawo launin toka-toka a jiki. Ɓawon tsatsar wuta ce, kuma ya fi ƙarfen tauri. In aka bar shi, zai nutse cikin fallen ya ɓata rola, don haka ake ratsa fallen ta cikin kwatarniyoyin asid, a ɗauraye, a busar, a shafa mai.

Daga nan sai injin murza. Aikinsa irin na injin taliya 'yar murji ne: kowace rola ta karɓa ta ƙara matsewa, fallen yana sirancewa yana ƙara tsawo. A layi guda akan jera matsa huɗu ko biyar, a rage kaurin da kashi 50 zuwa 90 cikin ɗari. Ana kwarara ruwa gauraye da mai domin rola ta huce, don ko da ba a hura wuta ba matsar kanta tana haifar da zafi.

Abin da ya fito daga injin busasshe ne, mai tauri ƙwarai. Ƙwayoyin cikin ƙarfen sun baje sun miƙe ta hanyar da aka murza su, ba su da sauran wurin motsi. Haka waya take ƙara tauri a inda aka yi ta lanƙwasa ta kafin ta karye. Irin wannan falle yana da amfaninsa, musamman siririn kwanon rufi, amma ba ya jure lanƙwasa mai kaifi. Domin a dawo masa da laushi sai a sake gasa shi. Wata hanyar ita ce a ɗora naɗi a kan naɗi, a kifa musu murfi, a cika da iskar haidirojin ko naitirojin don kada su yi ɓawo, a riƙe su a digiri 600 zuwa 700, aikin ya ɗauki kwanaki har da hucewa. Ɗaya hanyar ita ce a warware fallen ya ratsa doguwar tanda mai zafin digiri 700 zuwa 850 cikin 'yan mintoci. Bayan gashi akan yi masa murza ta ƙarshe, 'yar kaɗan, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari. Ita ce ke miƙar da shi, ta daidaita fuskarsa, ta kuma hana shi fitar da layuka kamar jijiyoyi idan aka dandaƙa shi a injin. Sai a shafa siririn mai, a naɗe, a lulluɓe da takarda, a ɗaure da ɗamarar ƙarfe.

Lambobin da ke jikin takarda

Kowane naɗi yana zuwa da takarda mai nuna ajinsa, kaurinsa, faɗinsa da nauyinsa. A ma'aunin Turai EN 10130 ajin yana tashi daga DC01 zuwa sama. A na Japan JIS G3141 kuwa SPCC ne, da SPCD, da SPCE. DC01 da SPCC su ne na aikin yau da kullum, yanka da lanƙwasa. Kabon ɗin DC01 ba ya wuce kashi 0.12, yana tsinkewa ne tsakanin megafaskal 270 da 410, wato kusan kilo 28 zuwa 42 a kan kowace murabba'in milimita, kuma yana miƙewa aƙalla kashi 28 kafin ya tsinke. DC04 ya fi laushi, yana miƙewa kashi 38, shi ya sa ake buga kwano mai zurfi da jikin mota da shi. Wanda ya sayi DC04 don ƙofa ya ɓarnatar da kuɗinsa, wanda kuma ya sa DC01 a aikin zurfi zai ga gindin kwanon yana yagewa.

Kauri shi ne inda aka fi cutuwa. Ido ba ya raba milimita 0.8 da milimita 1, amma sikeli yana rabawa. Falle mai mita 1 a mita 2 da kaurin milimita 1 kilo 15.7 ne. In na 0.8 ne, kilo 12.6 zai ba da. Mai mita 1.25 a mita 2.5 da kaurin milimita 1 kuma kilo 24.5 ne. Ratar da ke tsakanin 0.8 da 1 ba ƙarama ba ce, domin tsayuwar falle tana bin kaurinsa sau kaurinsa sau kaurinsa ne: na 0.8 rabin tsayuwar na milimita 1 kawai gare shi. Ƙofar da ke lotsawa tana ƙara idan an tura ta, kauri ne ya yi mata kaɗan. Falle mai tauri ba ya gyara wannan, sai ƙarin kauri, ko a karya masa layuka, ko a sa masa ƙarfe a baya. Da lissafin nauyin nan kuma ake sanin tsawon naɗi: mai tan 5, faɗi mita 1.25, kauri milimita 1, zai warware kusan mita 510.

Hanya da ajiya

Masana'antun ƙarfe na Duwala, birnin bakin tekun Kamaru, sun fi ƙarfi a rodin gini. Fallen murzar sanyi galibi ta teku yake shigowa, sannan ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, ko ya hau tirela tun daga tashar jirgin ruwa. Daga Ngaundere sai Garwa, sai Kusiri, a haye kogin Logon zuwa Njamena, tafiyar kusan kilomita 1,800 daga bakin teku. Man da aka shafa masa na 'yan watanni ne, kuma Duwala gari ne mai ruwa da laima. Naɗin da ya daɗe a can yakan iso arewa da tsatsa a gefuna tun ba a kwance shi ba.

Ba ruwan sama kaɗai ke jiƙa shi ba. Ƙarfen da ya kwana cikin sanyi, da iska mai ɗumi da laima ta taɓa shi da safe sai ya yi gumi. Gumin yana shiga tsakanin zagayen naɗin, ba ya samun hanyar bushewa. Daga Yuni zuwa Satumba wannan ne babban abin tsoro. A ɗora naɗi a kan katako, kada ya taɓa siminti, a tokare shi da katako ta gefe biyu, a bar takardarsa har ranar aiki. Leda da aka ɗaure kam tana tara gumi, gara rumfa mai shan iska. Tafin hannu ma yana barin shaida, don gishirin zufa yana cin fuskar ƙarfen.

Akwai wata illa da ba a gani da ido. Fallen ƙaramin aji, irin DC01, yana tsufa a ajiye: kabon da naitirojin da ke cikinsa suna komawa su toshe wuraren da murzar ƙarshe ta buɗe, sai ya ƙara tauri, layukan nan su dawo idan an lanƙwasa. Zafi yana hanzarta wannan, kuma sito mai rufin kwano a watan Afrilu zafi ne da shi. Wanda ya fara shigowa, shi ya kamata ya fara fita.

Ɗamarar naɗi ba a yanke ta a tsaye gaban bakinta. Zagayen waje yakan yi tsalle da ƙarfi, gefensa kuma wuƙa ne. A tirela, sarƙa ta ratsa ramin tsakiya a ɗaure gaba da baya, domin tan goma da suka taru a wuri guda, in birki ya kama, igiya ba ta riƙe su.

A hannun mai aiki

Fallen da aka yanko daga naɗi yakan riƙe ɗan lanƙwasa, musamman na kusa da tsakiya, sai an ratsa shi ta injin miƙarwa. Wanda gefensa ke igiya-igiya kuwa, tun a masana'anta aka fi matse gefen, guduma ba ta gyara shi.

A wajen karyawa, wato lanƙwasa shi ya yi kusurwa, mai laushi yana jure lanƙwasar da zagayen cikinta ya kai kaurinsa. Layin karya ya gicciye hanyar murza. In ya bi ta, nan tsaga ke fitowa. Ana ɗan wuce kusurwar da ake so, don ƙarfe yana ɗan komawa baya idan an sake shi.

Walda ce ta fi wuya. Sandar walda mai milimita 2.5 da aka saba da ita ta yi wa fallen milimita 1 girma, huda shi take yi. Ta milimita 2 irin E6013, a kan amfiya 40 zuwa 60, ta fi dacewa. Ba a jan dogon layi. Ɗigo-ɗigo ake yi, a tsallaka nan a koma can, a bar wuri ya huce, in ba haka ba zafi ya murɗe fallen. Tagulla mai kauri a bayan wurin tana shanye zafin. Kafin fenti sai an goge man jikinsa tas da tina, a ɗan karce da takardar yashi, a fara da fenti mai hana tsatsa a ranar. Fentin da aka shafa a kan mai yakan saɓule falle-falle, wanda kuma aka yi a fili lokacin hunturu ƙura ce ke zama a kansa.

Mai rufin tutiya

Yawancin fallen da zai zauna a waje akan tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 460. Lambar Z tana nuna giram nawa ke kan murabba'in mita, fuska biyu a haɗe: Z275 giram 275 ne, kaurin kusan maikuron 20, wato milimita 0.02, a kowace fuska, Z100 bai kai rabin haka ba, kuma kwanansa a rufi ya fi gajarta. Tutiya takan ci kanta ta bar ƙarfen, ko a inda aka karce. Akwai kuma rufin da kashi 55 nasa alminiyam ne. Kada a haɗa waɗannan da kwanon alminiyam zalla da ake murzawa a Edeya ta Kamaru, wanda nauyinsa kusan sulusin na ƙarfe ne kuma maganaɗisu ba ya kama shi.

Kwanon tutiya da aka jibge a jiƙe yakan yi farin gari a tsakani cikin 'yan kwanaki, tutiyar ce ke ƙarewa tun ba a kafa shi ba. A jingine shi a tsaye, ruwa ya tsiyaye. Waldarsa tana tayar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i, kuma shan madara ba ya karewa. A kankare tutiyar daga bakin haɗin, a yi aikin inda iska ke kaɗa hayaƙin nesa da fuska, sannan a rufe wurin da fenti mai tutiya.