Waiwaye: Inda Malamin Aji Ya Rabu Da Usur

Muhawara kan ingancin malaman firamare a Arewacin Najeriya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kuma a gefenta akwai wani koken da iyaye da masu sha'awar wasanni ke yi, cewa filayen makarantu sun mutu, babu gasar guje-guje, babu mai horar da yara. Galibi ana ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu daban, ana kuma magana kamar jiya suka faɗo daga sama. A ganina tushensu ɗaya ne, wato irin rayuwar da malami ya yi a kwalejin da ta yaye shi.

Farkon labarin sananne ne. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga can suka fito, ɗaya ya koyar a Midil ta Sakkwato, ɗaya a ta Bauci. A wannan kwaleji wasa wajibi ne kamar darasi, kuma a can ɗalibai suka ƙware a kurket da wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna bai daina yi ba har bayan ya zama Firimiya. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka cika ajujuwa fiye da zato, aka shiga yaye malamai cikin gaggawa. A nan mafi yawan masu sharhi suke tsayawa.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne yadda kwalejojin horon malamai masu ba da takardar shaida mai daraja ta biyu, irin na Toro da Maru da Bichi da Wudil, suka shuɗe sannu a hankali bayan da aka tsayar da NCE, wato takardar shaidar malanta da ake samu a kwalejin ilimi, a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka kuma sa 1998 a matsayin wa'adi. Niyyar ɗaga darajar malami ce, kuma ta fuskar zurfin karatu an samu ci gaba. Sai dai waɗancan kwalejoji makarantun kwana ne, kuma yaron da ya gama firamare yakan shafe shekara biyar a cikinsu yana sane tun ranar farko cewa malami zai zama. Abin da ya koya bayan an tashi daga aji bai gaza abin da ya koya a gaban allo ba.

Da an idar da sallar la'asar ake busa usur, kowa ya fita fili gida-gida. Ɗalibin aji huɗu shi ne zai ja igiya ya auna layukan tsere, ya bi su da toka ko farar ƙasa, shi ne zai raba ƙananan ɗalibai, ya nuna wa wanda ke gudun ba da sanda yadda ake miƙa hannu baya ba tare da an waiwaya ba, ya yi alƙalanci idan gardama ta tashi. Idan lokacin koyarwar gwaji ya zo aka tura shi firamaren ƙauye, darasin motsa jiki yana cikin abin da zai rubuta wa shiri, malaminsa na kwaleji ya zo ya zauna a gefe yana ba shi maki. Malamin da ya koyar da mu a aji biyar ɗan irin wannan horo ne. Usur ɗinsa na rataye a wuya ko da yana koyar da lissafi, kuma ya san wanda ke da sauri a cikinmu kamar yadda ya san wanda bai iya rabawa ba.

A tsarin da ya biyo baya, ɗalibi yana shiga kwalejin ilimi ne bayan sakandare, ya yi shekara uku, sau da yawa yana zaune a gidan haya a cikin gari, kuma da dama sun je ne bayan ba su sami gurbi a jami'a ba. Ilimin motsa jiki ya zama fanni mai sashensa, wanda 'yan ƙalilan ke zaɓa, don haka wanda ya karanta Hausa ko ilimin zaman jama'a zai iya kammalawa bai taɓa tsayar da yara talatin a layi a fili ba. Ba laifinsa ba ne, ba a nuna masa ba.

Malaman da suka sha wancan horo na kwana sun ci gaba da riƙe filayen makarantu shekaru masu yawa bayan rufe kwalejojinsu, shi ya sa ba a ga giɓin nan take ba. Yanzu da akasarinsu suka yi ritaya, hedimasta kan rasa wanda zai damƙa wa gasar gidaje, sai dai ya nemi wani matashi daga ƙungiyar ƙwallon unguwa ya zo ya taimaka na mako guda.