Bayan gashin sankarar wuya da baki: a kula da haƙora

Wani dattijo da ya gama gashin sankarar maƙogwaro ya zo wurina riƙe da gorar ruwa, kalma biyu sai ya kurɓa. Ya ce, "'Yata, miyau ya ƙaurace mini, tuwo ma a wuya yake tsayawa." Na ce, "Baba, aikin gashin ne, kuma akwai dabarar zama da shi."

Gashin da ake yi da na'ura, kwana biyar a mako har mako 6 zuwa 7, yana ƙona ciwon, amma yana taɓa jakunkunan da ke samar da miyau. Wasu miyau yakan ɗan dawo musu bayan watanni, wasu kuwa haka za su zauna. Miyau shi ke wanke haƙori, don haka in baki ya bushe sai ruɓa ta shigo da sauri, har ga wanda bai taɓa ciwon haƙori ba.

Nan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Ƙashin muƙamuƙin da aka gasa jini ba ya isarsa kamar da. In aka fizge haƙori a wurin, ramin na iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu, ko da an yi shekaru da gama gashi. Don Allah kada a kai baki wurin wanzami ko mai cire haƙori a kasuwa. Ko asibitin haƙori aka je, maganar farko ita ce, "An taɓa yi mini gashi a wuya." A riƙa goge baki safe da dare da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓa, a rage sukari a shayi.

Wajen abinci, miyar kuɓewa da ta kuka suna taimaka wa loma ta zame. A haɗa da ƙwai, nono, alala da kifi, a sassauta yaji. Mai ƙwarewa in ya sha ruwa ya gaya wa likita, domin abin na iya gangarawa huhu. Batun azumi ma a tambayi likita tukuna.

Kullum a gwada jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In sun fara ƙin shiga, muƙamuƙi na sanƙarewa ne, sai a nemi a koya motsa shi. Wanda aka bar masa ƙofar numfashi a wuya ya rufe ta da ƙyalle mai tsabta saboda ƙurar hunturu, ya kiyaye ruwa lokacin wanka. Yawan kasala da jin sanyi kuma na iya zama alamar raunin ƙululun wuya da ake kira tayirod, gwajin jini ke nuna shi.

Taba, ta sha ko ta shaƙa ko ta dasashi, da giya, a bar su har abada. Ciwon ya fi dawowa a shekara biyun farko, shi ya sa ake kiran mutum duk wata 1 zuwa 3 a shekarar farko. Na san kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa na Shika ko na Sakkwato ba wasa ba ne, 'yan uwa su taimaka. Sabon ƙulli a wuya, gyambon baki da ya wuce mako biyu, sauyin murya, ciwon kunne ko rama, in an ga ɗayansu a koma asibiti, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.