Tayar mota mai zafin gudu a titunan Accra: wacce za ka saya, wace lamba za ta shiga?

Duk wanda ya fito da mota mai zafin gudu daga tashar jiragen ruwa ta Tema, Golf GTI ce ko BMW ko Benz, yana gama murna sai maganar taya ta taso. Wadda ta zo da ita ko dai ta suɗe, ko ta tsufa, ko kuma ta ƙasar ƙanƙara ce. Tambayoyin nan su ne samarin Nima da Mamobi da Madina suka fi yi mini idan an zauna hira bayan la'asar. Zan riƙa misali da Golf GTI, don kamfanin Volkswagen da kansa yana fito da ita a kan rim iri-iri, lissafin kuma ɗaya ne ga kowace mota.

Malam, lambobin da ke kuncin taya, kamar 225/45 R17 94W, me suke faɗa?

225 faɗin taya ne da milimita. 45 kuwa ba milimita ba ce, kuma a nan mutane ke tuntuɓe. Kaso ne na wancan faɗin: tsayin kuncin taya, daga bakin rim zuwa inda take taɓa kwalta, kashi 45 cikin 100 ne na 225, wato milimita 101 da 'yan kai. R na nufin radiyal, irin saƙar da kusan duk tayar ƙaramar mota ke da ita a yau. 17 girman rim ne da inci. 94 lambar nauyi ce, taya ɗaya na ɗaukar kilo 670. Da 91 ce, kilo 615 ke nan. W iyakar gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 270 a awa. H na tsayawa a 210, V a 240, Y a 300.

Kada ka ɗauki abin da ka tarar a ƙafar motar a matsayin na asali. Mai ita na farko a Amurka ko Jamus yana iya ɗaura abin da ya ga dama. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙi, ko a bayan murfin tankin mai. A nan kamfani ya rubuta lambar taya da yawan iskar da take so.

Na zaga Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ban samu lambata ba. Mai shago ya ce 225/50 R17 ma za ta shiga. In karɓa?

Shiga rim kam za ta shiga, tunda duk 17 ne. Amma mota ba rim kaɗai take lissafi da shi ba, da tsayin ƙafar gaba ɗaya take aiki, daga kwalta zuwa saman taya. Da shi aka saita maleji, da giya, da na'urar ABS mai hana birki kulle ƙafa.

Lissafin bai fi ƙarfin wayar da ke hannunka ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka rim 17 milimita 431.8 ne. Kunci biyu ne, na sama da na ƙasa, kowanne 101.25. Ka haɗa, ka samu 634. Wannan shi ne tsayin 225/45 R17, shi ne ma'auninka.

Yanzu auna wadda aka miƙo maka. Kuncin 225/50 milimita 112.5 ne, tsayinta duka ya kai 657. Ta ɗara taka da kashi 3.5 cikin 100. Ƙa'idar da masu harkar taya ke bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3, ni kuwa a mota mai gudu na fi son ya tsaya ƙasa da 2. Da waccan tayar, maleji na nuna maka 100 alhali kana kan 103 da rabi. Motar za ta ɗan yi nauyin tashi, kuma idan ka ɗauki mutum uku a baya ka hau tudun rage gudu, kana iya jin taya na gugar jikin mota. Wannan ta ƙarshe ita ce mai yanka taya.

Ga waɗanda suka yi kusa da 634. Akwai 225/40 R18 mai tsayin 637, da 205/55 R16 mai 632, da 225/35 R19 mai 640. Ka lura, rim na girma, kunci na ƙanƙancewa, tsayi yana nan inda yake. Idan kuma ba ka son canza rim, 235/45 R17 tana ba da 643, ƙarin kashi 1.4 kawai, kuncinta ya fi naka da kusan milimita 5. A ganina ita ce madadin da ya fi dacewa da titunanmu, muddin faɗin rim ɗinka ya kai inci 7.5. Za ka ga an buga 7J ko 7.5J ko 8J a bayan rim. Bayan an ɗaura, a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a leƙa a tabbatar ba ta taɓa komai.

Abu ɗaya ba a sassauta masa: lambar nauyi kada ta yi ƙasa da wadda kamfani ya rubuta. Idan takardar ƙofa ta ce XL, wato mai ƙarin ƙarfin ɗaukar kaya, to XL za ka nema.

Ni dai rim 19 nake so. Ranar Sallah motar sai an juyo an kalle ta.

Za a kalle ta, ban musa ba. Sitiyari ma zai ƙara kaifi, domin gajeren kunci ba ya lanƙwasa a kwana. A hawan dutsen Aburi za ka ji daɗin hakan.

Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuncin 225/35 R19 milimita 79 ne, na rim 17 kuma 101. Wannan tazarar ta milimita 22 ita ce katifar da ke tsakanin bakin rami da ƙarfen rim. Idan ka faɗa rami mai kaifin baki, robar na matsewa tsakanin kwalta da rim, zaren da ke cikinta ya tsinke, washegari ka ga ƙulu ya fito a kunci kamar ƙwai. Ƙulun nan ba ya ɗaukar faci. Tayar ta gama aiki, ko jiya ka saye ta.

Ni kaina na biya wannan kuɗin makaranta. Wani dare cikin watan Yuni, ruwa ya rufe titi, na faɗa ramin da ban gani ba a kan rim 18. Taya ta yi ƙulu, rim ya lotse, na yi mako biyu ina neman guda ɗaya irin sauran ukun. Tun daga nan na koma 17, kuma ban ji motar ta rage komai ba in ban da ƙarar da take yi a kan gargada.

Ga kuma lalurar samu. Ɗan Accra mai zuwa Kumasi, tafiyar kilomita 250 ko kusa, ya tambayi kansa: idan 225/35 R19 ta fashe a Nkawkaw da dare, wane mai faci ne zai fito masa da irinta? Kuɗin da za ka zuba a rim huɗu masu sheƙi, ka sa shi a roba mai kyau a kan rim ɗin da kake da shi. Robar ce ke taka birki, ba ƙarfen ba.

To in sauka zuwa 16 ke nan?

Idan birkin gaba ya bari. Motoci masu gudu suna da babban faifan birki, ƙaramin rim kan ƙi rufe shi. A gwada a ƙafar gaba kafin a biya. A duba ramukan noti kuma: Golf na zamanin nan 5x112 ce, wato noti biyar a da'ira mai faɗin milimita 112, tsofaffin BMW 5x120, yawancin Honda da Toyota masu noti biyar 5x114.3. Akwai kuma lambar ET da ke nuna yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje. Rim ɗin da sai an fafe raminsa kafin ya zauna, bar musu kayansu.

Faffaɗar taya ba ta fi riƙe ƙasa ba?

A busasshiyar kwalta, ƙwarai. A ruwa kuwa, faɗi na ƙara mata aikin ture ruwa daga gabanta, idan ta kasa sai ta hau kansa ta yi iyo, sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Garin da ke da damina biyu a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba, ba wurin wuce gona da iri ba ne. Ƙarin milimita 10 ya isa.

Wace irin roba ce ta dace da zafin nan namu?

Wadda Turawa ke kira tayar bazara. Sunan na ruɗar mutane, suna zaton ba ta son ruwa, alhali ita ce gwanar ruwan sama a ƙasa mai ɗumi. Abin da ba ta so shi ne sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7, wanda Accra ba ta san shi ba ko a tsakiyar hunturu. A wannan aji ake samun Michelin Pilot Sport, Continental PremiumContact da SportContact, Goodyear Eagle F1 Asymmetric, Bridgestone Potenza, Pirelli P Zero. Idan aljihu bai kai can ba, Hankook Ventus da Kumho Ecsta da Falken Azenis ba abin rainawa ba ne.

Wadda za ka gudu ita ce tayar ƙanƙara. Alamarta zanen dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, ga tsage-tsage sirara birjik a fuskarta. Motocin da ake kawowa daga Kanada da arewacin Turai kan iso da ita. Robarta laushi gare ta, a kwaltar da rana ta gasa tana cinyewa da wuri, birki kuma ya ƙara nisa. Ita kuwa mai tambarin M+S ta kowane yanayi, da motocin Amurka ke zuwa da ita, ba laifi a ƙarasa cinye ta idan tana da sauran rai, amma ba ta kai tayar bazara riƙo ba. A ɗaya gefen akwai tayar filin tsere irin Pilot Sport Cup 2, mai ƙarancin zane. A bar ta ga masu fili.

Duba kuma inda aka rubuta TEMPERATURE. Mai harafin A ita ta fi jure zafi, sai B, sai C. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ba ta yarda da mai C ba.

Ba na gudun 270, dokar motowe ma 100 ce. Me zai hana in sayi mai H in rage kuɗi?

Harafin ba na gudu kaɗai ba ne. Shaida ce ta yadda ginin tayar ke jure zafin da gudu ke haifarwa, mu kuma zafin kyauta muke samu daga sama. Tsaya a harafin da kamfani ya rubuta ko wanda ya fi shi.

Hom-yus fa, Malam, tayar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje? Zanenta na nan raɗau, ga araha.

Araha ba ta ado. Zane abu ɗaya ne, shekaru abu ne daban, roba kuma tana bushewa ko ba a taka ta ba. Nemi inda aka buga DOT a kunci, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wani lokaci a kunci ɗaya kawai ake buga su, sai ka juya tayar. Ita dai waccan doka ta 2012 ta sa iyakar shekara 4 daga ranar ƙerawa, da zurfin zanen da bai gaza milimita 1.6 ba. Yawancin hom-yus sun haura shekarun nan tun kafin a sauke kwantena. Ko sabuwa ce fil a leda, karanta lambar, don akwai wadda ta daɗe a jibge a shago.

Idan dole ta sa sai ita, sa a ɗaga maka ita ka leƙa ciki da tocila. Faci a kunci, ko garin baƙar roba, ko layin da ya goge a zagaye, duk shaida ce an taɓa tafiya da ita ba iska. Kuma 1.6 iyakar doka ce kawai. Da damina, idan zane ya sauka zuwa milimita 3, ni na fara neman kuɗi.

Kuɗin biyu kawai gare ni. Gaba ko baya?

Baya, ko da motar da ƙafar gaba take ja. Na san makanikai da yawa ba su yarda da wannan ba. Dalilin shi ne, idan gaba ya zame a ruwa, kana ɗaga ƙafa daga totur yana dawowa. Idan baya ne ya zame, motar juyawa take yi, kuma ba kowane direba ke iya kamo ta ba. Biyun su zama iri ɗaya, lamba ɗaya, a gatari ɗaya.

Mai mota mai jan ƙafa huɗu, quattro ko xDrive ko 4Matic, shi kam ya daure ya canza huɗun tare, domin bambancin tsayi tsakanin sabuwa da tsohuwa na wahalar da akwatin da ke raba ƙarfi. Wasu BMW kuma da gangan aka yi bayansu ya fi gaba faɗi, kamar 225/45 R18 a gaba da 255/40 R18 a baya, tsayinsu kusan ɗaya, 660 da 661. Irin waɗannan ba a musanya gaba da baya. Da yawansu a kan ranfilat suke zuwa, wadda ke iya tafiyar kusan kilomita 80 ba iska a gudun da bai wuce 80 ba. Kana iya komawa taya ta gama-gari, motar ma za ta fi laushi, amma ka fara buɗe but. Akasari ba safaya a ciki, ba ma gurbinta.

An ɗaura. Saura me?

Kada ka tafi shan shayi ka bar mai faci shi kaɗai. Tayar da aka rubuta wa OUTSIDE, wannan gefen waje zai kalla. Mai kibiya da ROTATION, kibiyar ta bi juyin ƙafa idan mota na tafiya gaba. A sa sabon bawul, a yi balansin, a yi alaimen, musamman idan tsohuwar gefe ɗaya ta ci. Iska kuma da safe ake auna ta, kafin taya ta ɗau zafi, a bi lambar takardar ƙofa. Wadda ke kuncin taya iyaka ce, ba shawara ba. Idan ka ga yaron shago ya zura bututu a sifana yana shirin hawa kai da ƙafa biyu, dakatar da shi. Notin yawancin Golf ƙarfin ɗauri na 120 Nm yake so, akwai sifana mai awo don haka, kuma bayan tafiyar kilomita 50 sai a sake bin su ɗaya bayan ɗaya.