Waiwaye: Nonon uwa da borin jinin jarirai

Muhawarar ko nonon uwa na kare jarirai daga borin jini ta samo asali ne a 1936, lokacin da likitoci biyu a Amurka, Grulee da Sanford, suka bibiyi jarirai kusan 20,000. Sun gano cewa waɗanda aka shayar da madarar shanu sun ninka masu shan nonon uwa har sau bakwai wajen kamuwa da ƙaiƙayin fata na ikzima. Daga nan aka ɗauka cewa nono garkuwa ne daga borin jini.

Tsoro kuma ya biyo baya, domin sinadaran abincin da uwa ta ci suna ratsawa cikin nononta. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci masu shayarwa daga gidajen da ke da tarihin cutar su guji gyaɗa, kada kuma a ba yaro ita sai ya kai shekara uku. A 2008 ta janye shawarar, don babu hujja. Binciken LEAP na Landan a 2015 ya ƙara kifar da ita: ba jariri mai haɗarin kamuwa gyaɗa da wuri ya rage borin jinin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100.

Wani babban gwaji a ƙasar Belarus, mai jarirai kusan 17,000, inda aka ƙarfafa wa wasu iyaye mata gwiwar shayar da nono aka kwatanta yaransu da na sauran, ya rage wa tsohon zaton cewa nono garkuwa ne ƙarfi. Ikzima ta ragu a shekarar farko, amma da yaran suka kai shekara shida da rabi ba a ga bambanci a asma ba.

Wannan saɓani ne ya mayar da hankalin masana kan abin da ke cikin nonon, don na wata uwa ba irin na wata ba ne. Akwai sukari na musamman iri fiye da 150 da cikin jariri ba ya narkarwa, abincin ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne irin su Bifidobacterium. Akwai garkuwar IgA da ke lulluɓe hanji, da sinadarin TGF-beta mai koya wa jiki haƙuri da abinci. Yawansu na sauyawa da gadon uwa da muhallinta.

IgA ta fi yawa a dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda a gidajenmu da dama har yau ake matse shi a zubar a ce ba shi da kyau. Wannan asara ce babba ga jariri a kwanakin da hanjinsa ya fi buƙatar kariya.