Faffaɗan janti da kwana 15 na dokar inshora

Da yamma in ka tsaya bakin titi a Yamai, ba za ka daɗe ba sai ka ga irin motocin nan na samari: an sauke su kusa da ƙasa, an taɓa inji, an cire jantin kamfani an ɗaura masu faɗi da ƙyalli. Ina son ganinsu. Abin da ke damuna shi ne mai motar yakan sallami bakanike da mai faci ya kama gabansa, bai san cewa daga ranar doka ta fara ƙirga masa kwanaki ba.

Dokar inshorar da Nijar ke aiki da ita ita ce ta CIMA, ƙungiyar kula da harkar inshora da ƙasashe 14 na Afirka suka yi tarayya a kanta. An sa hannu kan yarjejeniyar a Yawunde a 1992, dokar ta fara aiki a 1995. Aya ta 200 ce ta wajabta wa kowace mota inshora saboda ɓarnar da za ta iya yi wa wasu, kuma takardarta ce 'yan sanda da jandarmomi ke tambaya a hanya. Aya ta 12 kuwa ba kasafai ake jin ta a bakin direbobi ba. Ta ce idan wani sabon abu ya auku wanda ya ƙara haɗari, har amsoshin da ka ba kamfanin inshora tun farko suka daina zama daidai, wajibi ne ka sanar da su a rubuce cikin kwana 15. Faɗa wa wakilinsu da baki a wurin shan shayi bai wadatar ba. Wasiƙa ake so, mai rajista ko wadda suka sa hannun karɓa.

To, yaushe sauya taya ke shiga wannan aya? Idan ka sa girman da kamfanin da ya ƙera motar ya amince da shi, motarka tana nan yadda ka bayyana ta. Girman yana rubuce a littafin mota, galibi kuma da 'yar takarda manne a jikin ƙofar direba. Magana tana tasowa ne in ka fita daga wannan.

Ɗauki taya mai rubutu 205/55 R16 91V. Faɗinta milimita 205, tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na faɗin, jantin inci 16. Lamba 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, V kuma gudun kilomita 240 a awa. Tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 632 ne. Ka koma 225/45 R17, ka sami 634: ta ƙara faɗi, tsayi bai motsa ba. Amma ka ɗaura 245/45 R18 don ta cika ido, tsayi ya kai 678, ƙarin kashi 7 cikin 100. A hanyar Doso allura za ta nuna maka 100 alhali kana kan 107. Ga gugar jikin mota in ka murɗa sitiyari ko ka faɗa rami, ga nauyin da ke sauka kan boris idan an cusa ƙarfe a bayan janti don ya leƙo waje. Lambar nauyi da harafin gudu kuwa kada su yi ƙasa da na asali, balle a zafin Afrilu da kwalta ke ƙuna.

Idan ka sanar, aya ta 15 ta ba kamfanin zaɓi: ya ƙara maka kuɗi ko ya janye daga yarjejeniyar. Idan ba ka sanar ba, hukunci iri biyu ne. Wanda ya ɓoye da gangan, aya ta 18 ta ce yarjejeniyar ta ɓaci, kuma kuɗin da ya biya ba za su dawo ba. Wanda ya yi shiru cikin rashin sani, aya ta 19 ce ke kansa, wato a rage masa diyya daidai da giɓin abin da ya biya. A ce jika 60 ka biya alhali da ka faɗi gaskiyar motar jika 80 ne. Kashi uku cikin huɗu za a ba ka, ɓarnar miliyan 2 ta koma miliyan 1 da rabi.

Wani zai ce ai inshorar dole kawai ya yanka, ba ta gyaran motarsa ba. Nan ma bai tsira ba. Aya ta 210 ta hana a rage wa wanda aka buge haƙƙinsa saboda kuskuren mai mota, kuma wannan adalci ne, don ɗan kabu-kabun da aka kaɗe bai san komai game da jantinka ba. Kamfani zai biya shi cikakke, sannan ya juyo ya nemi ka mayar masa da bambancin daga aljihunka.

Shawarata ita ce ka rubuta wasiƙar ko da kana ganin sauyin ƙarami ne. Ka sa tsohon girman taya da sabo, ka ambaci duk abin da aka yi wa inji da ƙafafun mota, ka haɗa da hoto da rasiɗi. Su buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka, ka ajiye shi tare da takardun mota.