Ɗalibai masu naƙasa a manyan makarantun Najeriya

Shigar da ɗalibai masu naƙasa cikin manyan makarantu tsari ne da ke ba makafi, kurame, guragu da sauran masu buƙata ta musamman damar karatu a jami'a ko kwaleji, aji ɗaya da sauran ɗalibai, tare da tanadar musu abin da karatun ba zai yiwu ba sai da shi.

A Najeriya ilimin naƙasassu ya faro ne daga makarantu na daban. 'Yan mishan sun buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953, sannan gwamnatin tarayya ta kafa kwalejin horar da malaman ilimi na musamman a garin Oyo a 1977. Jami'o'in Ibadan, Jos da Bayero ta Kano duk suna da sassan koyar da wannan fanni.

Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Wa'adin ya cika a farkon 2024, amma har yanzu ɗakunan lacca da ɗakunan karatu da yawa suna saman bene, ba hanyar keken guragu. Abin takaici ne a ce sai abokai sun cicciɓi ɗalibi kafin ya ji lacca. Karatu kyauta da dokar ta tanada kuwa iyakarsa sakandare.

Inda aka fi ganin sauyi shi ne ƙofar shiga. A 2017 hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamitin daidaita dama ga masu neman gurbi, wato JEOG, wanda Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta. Kwamitin yana shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, ciki har da Kano, Abuja da Legas, inda ake karanta musu tambayoyi su amsa da rubutun makafi ko da na'ura.

Samun gurbi kuwa somin-taɓi ne. Makaho yana buƙatar littafi a rubutun makafi, ko a kwamfuta mai manhajar karanta allo, ga shi mafi yawan kayan karatu takardu ne da aka kwafa a inji. Yarjejeniyar Marrakesh, wadda Najeriya ta shiga a 2017, ta halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi ke iya karantawa ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba, sai dai aikin na buƙatar injuna da ƙwararru. Ƙarancin kayan koyar da lissafi da zane-zanen kimiyya na cikin dalilan da ke karkata makafi zuwa fannin shari'a, harsuna da ilimi.

Kurma shi kuma tafinta yake buƙata a kowace lacca. Harshen hannu na makarantu ya samo asali daga na Amurka, wanda Andrew Foster, wani kurma ɗan mishan Ba'amurke, ya shigo da shi Ibadan a 1960, kuma ya bambanta da maganar hannu da kurame ke yi a ƙasar Hausa. Jami'ar Ilorin tana da cibiyar tallafa wa kurame mai samar da tafintoci, shi ya sa kurame daga jihohi daban-daban ke neman gurbi a can.